Ido Kawai Na Ce Ya Bar Mini

Abokina na ƙuruciya ya ci amanata a kan 'yata. Shekarar da aka rufe makarantu saboda korona, ya sa na zaunar da yarinya a gaban waya tun daga bazara har damina ta yi nisa, yana ce mini wannan shi ne karatun zamani, alhali nasa 'ya'yan ko taɓa waya bai yarda su yi ba, don kada idonsu ya lalace. Idon tawa 'yar ya lalace. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne da hannuna na taya shi.

Ƙauyenmu yana arewa da Gumel, dab da iyaka. In ka hau tudun yashin da ke bayan gari kana hango gonakin mutanen Nijar. Nan muka tashi ni da shi, darni ɗaya ne ya raba gidansu da namu. Rana ɗaya aka kai mu firamare, kan kututturen giginya ɗaya muka zauna, don lokacin babu benci. Na fi shi lissafi, wannan ko shi ba zai musa ba. Muna aji biyu a sakandare mahaifina ya rasu, na ajiye littafi na ɗauki fartanya. Shi ya wuce, ya zama malami, ya yi shekaru yana koyarwa, daga baya ya buɗe 'yar makarantarsa ta kansa a Gumel. Ni kuwa ina bin ƙauyuka da tiya ina awon riɗi da zoɓo, ranar kasuwa in kai Maigatari.

Karatun nan da ya suɓuce mini bai taɓa barina na huta ba. Hausa ina karanta ta tsaf, Turanci kuwa ɗingishi nake yi. Duk ranar da wani ɗan ƙaramin ma'aikaci ya miƙo mini takarda ya nuna mini da yatsa inda zan sa hannu, ji nake kamar ya zage ni. Shi ya sa duk abin da mai boko ya faɗa nakan karɓa hannu bibbiyu, balle a ce abokina ne ya faɗa.

Yarinyar ita ce ta uku a 'ya'yana. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka ba na kiran sunan, Uwata nake ce mata. Surutu ne da ita kamar kanari, ga ido. Awakinmu suna can bakin fadama za ta tsaya a ƙofar gida ta gaya maka wacce ke ɗingishi. Ganin jinjirin wata kuwa, tun tana 'yar ƙarama ita ke fara nuna wa mutane. Dattawa na ta kare fuska da tafin hannu suna lalube, ita sai ta ce ga shi can saman kuka. Da ta gama firamare malamanta suka ce kada in yarda ta zauna, sai na kai ta Gumel wurin yayata, na sa ta a makarantar abokina.

Akwai abin da iyayenmu ke yi in za su miƙa yaro ga malami. Uba zai kama hannun yaron ya sa a hannun malamin ya ce: ga amana, ka hora shi yadda ka ga dama, ido kawai za ka bar mini. Wato bulala ta sauka ko'ina, shatarta za ta warke, amma a kiyaye ido, don shi ba a sayo wani. Haka babana ya faɗa wa hedimastanmu ranar da ya kai ni, abokina yana tsaye yana ji. Ni ma haka na yi. Na kama hannun Uwata na sa a nasa a cikin ofishinsa.

"Malam, ga amana. Ka hora ta yadda ka ga dama, ido kawai za ka bar mini."

Ya yi dariya har da buga tebur. "Kai, mutumina, har yanzu kana nan da zancen tsofaffi? Ai yanzu ba a duka. 'Yarka 'yata ce, je ka ka yi barcinka."

Tana aji biyu aka rufe makarantu, daidai ajin da ni na tsaya, kuma wannan ya tsaya mini a rai. Na hau babur na je Gumel, na tarar da shi yana sa wa ƙofar makaranta kwaɗo. Na ce masa ko in bar ta a gidan gwaggonta, ko da sau ɗaya a mako ta riƙa zuwa yana duba mata littafi. Ya girgiza kai.

"An hana taro. Ko nawa 'ya'yan a waya za su yi. Tafi da ita gida ka saya mata babbar waya, zan sa lambar a rukunin 'yan ajinsu, darasi zai same ta har ɗaka. Turawa ma haka suke yi yanzu. Kai dai ka tsaya mata, kada ka bari ta yi sanyi."

Na sayar da tunkiya na sayo waya ta hannu a Maigatari, gilashinta da ɗan tsagu a gefe. Ranar da na miƙa mata har tsalle ta yi.

Darasi bai same ta a ɗaka ba, don a garinmu babu sabis sai a kan tudun yashin nan. A can ɗin ma sai ka juya wa arewa baya ka riƙe wayar daidai, in ba haka ba sabis ɗin Nijar ya fizge ta ya cinye katin. Da hantsi ake turo darasin, ana so ta kwafe shi a littafi ta ɗauki hoto ta mayar kafin la'asar, in ba ta mayar ba a ce ba ta zo aji ba. Darasin kuwa hotunan shafukan littafi ne, an ɗauka a karkace, rubutun ƙanana kamar tururuwa. Jefi-jefi a haɗa da muryarsa ta minti biyu. In ba ta gane ba ta rubuta tambaya, sai ta kwana ba amsa, gobe kuma wasu hotunan sun hau kai.

Rana ba ta barin a ga fuskar waya. Sai ta samo dabara: ta zauna a kan yashi ta jawo hijabinta ta lulluɓe kanta da wayar da littafin gaba ɗaya, ta yi wa kanta duhu, ta kawo wayar dab da hanci. Haka take zama tun hantsi har bayan azahar, a zafin bazarar ƙasarmu, wanda ko jaki inuwa yake nema. Wata Bafulatana mai tallar nono ta taɓa tare ni a hanya ta ce, "Baffa, waccan da ke dunƙule a kan tudu kullum, ba taka ba ce? Iska ce ta taɓa ta?" Na ce mata karatu take yi, irin na Turawa. Da alfahari na faɗa, wallahi.

A hankali gidana ya yi shiru. Sa'o'inta na zuwa rijiya tare, da yamma suna gaɗa a dandali, ita tana kwance a ɗaka ta ɗaure kai da ɗankwali. Da farko suna leƙowa kiranta, da suka gaji suka daina. Tuwo sai ta yi loma uku ta ture. In ka kira ta daga baya sai ta juyo da jiki duka, wuya ya sage. Idanu suka yi ja, suna zubar da ruwa ba kuka take ba. Uwarta ta sa mata kwalli, ta wanke mata da ruwan sanyi na randa, ba a ga sauƙi ba. Ran nan ta same ni ina ɗaure buhu ta ce, "Baban yara, a bar yarinyar nan ta huta. Wannan abu cin ta yake yi."

Na ce, "Ke me kika sani a boko?"

Ta ce, "Ban san boko ba, amma na san 'yata."

Maganar ta ɗan taɓa ni, sai na hau tudun da kaina na kira abokina. Na gaya masa komai, jan idon, ruwan, ciwon kan, wuyan. Bai ko bari na gama ba.

"Lalaci ne, mutumina. Duk haka suke yi, kullum iyaye na kira na da irin wannan. Yaro in ya ga babu malami a kansa sai ya ƙirƙiro ciwo. In ka sake mata ta yi baya, gobe kada ka ce ban gaya maka ba. So kake ta tsaya inda ka tsaya?"

Ya san inda zai taɓa ni, tare muka tashi.

Bayan kwana biyu ina dawowa daga gona na gan ta a gindin aduwa, ƙasan tudun, ta jingina ta rufe ido, wayar na kan cinyarta. Na tsaya a kanta na ce wannan ne karatun? Ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Baba, rubutun yawo yake yi mini. Kaina kamar zai tsage." Na ɗauke ta da mari. Tun da aka haife ta ban taɓa ɗaga mata hannu ba, mai sunan mahaifiyata ce. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki wayar ta kakkaɓe yashi, ta hau tudun, ta ja hijabi ta rufe kanta. Daga ranar ba ta ƙara ce mini wani wuri na mata ciwo ba, ni kuma na ɗauka ta warke.

Ranar da ake duban watan Babbar Sallah, mun fito daga sallar magariba mutane sun tsaya a ƙofar masallaci suna kallon yamma. Liman ya ce mini, "Ina tsohuwar taka? A kira ta ta rage mana wahala." Aka kira ta. Kafin ta iso ma an gan shi, don sama ta washe bayan ruwa, ga shi nan fes, har Liman da idonsa na tsufa ya gani. Ta zo ta tsaya kusa da ni ta ɗaga kai, ta matse ido, ta daɗe. Ta ce a hankali, "Baba, ta ina?" Na ce ga shi can, saman kuka, inda kika saba nuna mana. Sai ta ɗaga yatsa ta ce, "E, na gan shi," ta nuna wani wuri can gefe inda babu komai. Don kada ta kunyata ni a gaban mutane ta yi haka. Liman ya kalle ni.

Bayan Sallah na goya ta a babur muka je asibiti a Gumel, wajen masu duba ido. Wata ma'aikaciya ta zaunar da ita ta nuna mata allo mai haruffa a jikin bango. Manyan na sama ta karanta, na ƙasa suka gagare ta. Matar ta yi mata tambayoyi, yarinya ta ba ta labarin tudu da hijabi, abin da ni ta daina gaya mini. Matar ta juyo ta dube ni.

"Kai ne mahaifinta? Tun yaushe take kuka da idon?"

Na ce tun azumi.

"Tun azumi, sai yau? Malam, ko babban mutum ba a ce ya yini yana ƙura wa waya ido a cikin duhun mayafi ba, balle yarinya mai tasowa."

Ta ce mai yiwuwa da ma akwai ɗan rauni a kwance, zaman nan ya taso da shi. Jan da ciwon kan za su lafa in ta huta, amma ganin nesa sai da tabarau, kuma da an kawo ta tun farko da abin bai kai haka ba. Ta ce a raba ta da wayar tun daga ranar.

Daga asibiti gidan abokina na nufa. Allah shi ne shaida ba faɗa ya kai ni ba. Cewa na yi bari in gaya masa abin da aka ce, ya sanar da sauran iyaye kada 'ya'yansu su faɗa irin wannan, shi ma ya kula da nasa. Har a lokacin ina yi masa kallon wanda bai sani ba.

Na yi sallama na shiga zaure. Tabarmi biyu a shimfiɗe, allo jingine da bango, cike da lissafi da rubutun hannunsa, wanda na sani tun muna rubutu a ƙasa da tsinke. 'Ya'yansa suna zaune da littattafai, tare da wasu yara uku ko huɗu, da ganin suturarsu ka san 'ya'yan masu hali ne. Shi ya fita masallaci, alli na nan a bakin allon. 'Yarsa, wadda suke aji ɗaya da Uwata, ta tashi da gudu ta rungume ta tana cewa ina kika shige. Matarsa ta jiyo muryata ta leƙo bakin ƙofa muka gaisa. Mutuniyar kirki ce, ba ta san me ake ciki ba. Ta ga idon yarinya ta ce, "Subhanallahi, me ya same ta?" Na ce daga asibiti muke, an ce waya ce.

"Ai kuwa!" in ji ta. "Shi ya sa Malam tun ranar da aka rufe makaranta ya kulle tasu a durowa. Ya ce tana kashe ido, kuma yaro ba ya fahimtar komai a cikinta. Kullum shi yake zaunar da su da kansa, safe da yamma. Ku shigo mana ku sha ruwa, yanzu zai dawo."

Uwata tana tsaye tana ji. Ta dubi allon, ta dubi ƙawarta, sannan ta dube ni. Ban sha ruwan ba, ban kuma jira shi ba, don na san in ya shigo a lokacin zan yi abin da bai kamata yara su gani ba. A hanyar komawa gida ba ta riƙe rigata ba kamar yadda ta saba, ƙarfen bayan babur ta riƙe har muka isa.

An yi mata tabarau, masu kauri. Ciwon kan ya lafa, wuyan ya saki. Yaran gari suka sa mata suna mai ido huɗu, ta ƙara shigewa ɗaka. Da aka buɗe makarantu na cire ta daga tasa na kai ta ta gwamnati, sai da uwarta ta yi kwanaki tana lallashi kafin ta yarda ta je. Malaman can suka ce mini rubutunta kyakkyawa ne, kwafi ba a fin ta, amma in an tashe ta a aji an yi mata tambaya sai ta ruɗe ta kasa amsawa. Littattafan da ta cika a kan tudun nan, da aka gwada ta, kusan ba abin da ta fahimta a ciki. Sai da ta maimaita aji. 'Yar abokina ta wuce.

Na nemi gafararta. Ba abu ne mai sauƙi ba uba ya zauna gaban 'yarsa ya ce na yi miki laifi, amma na yi. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba komai, Baba," irin yadda ake faɗa wa baƙon da ya taka maka ƙafa a kasuwa. Ta gama sakandare yanzu, da ƙyar da taimakon Allah, surutun ma ya ɗan dawo in tana cikin mata. Amma har yau in zazzaɓi ya kama ta sai dai in ji a bakin uwarta, bayan kwana biyu. In ana duban wata ba ta fitowa.

Shi kuwa ya kira ni sau biyu ban ɗauka ba, na san matarsa ta gaya masa na zo. Bai tako ƙauyen ba, ga shi hanyar ya fi kowa saninta. Sai da shekara ta zagayo muka haɗu a kasuwar Maigatari, ana gab da Sallah. Na sauke buhunana na ratsa ta wajen tumaki, sai ga shi da dillali suna taɓa wani rago. Ya hango ni, ya yi ɗan turus, sai ya saki fuska ya taho yana miƙo hannu.

"Mutumina! Ka yi wuyar gani. Ya 'yar tawa? An ce ka canza mata makaranta, ko sallama babu."

Na ce, "Tana nan, da tabarau."

Ya sauke murya. "Na ji, wallahi ban ji daɗi ba. Amma ka san lokacin nan kowa haka ya yi, an hana taro. Zaurena ba zai ɗauki makaranta guda ba. Kuma ni ban ce ta je ta zauna a rana ba."

Hannunsa yana nan a miƙe, dillalin ya saki ragon yana kallonmu. Na ce masa:

"Ban ce zaurenka ya ɗauki makaranta ba, Malam. Da ka ce mini ba za ka iya ba, in ajiye ta a gida ta huta har a buɗe, da na gode maka. Ce mini ka yi naka ma a waya za su yi, alhali ta 'ya'yanka tana kulle a durowa, ka san abin da take yi wa ido. Na kira ka na gaya maka idonta na zubar da ruwa, ka ce lalaci ne. Ta gaya mini gaskiya, na ɗauki maganarka na mare ta. Marin nawa ne, ni zan amsa shi a gaban Allah, ba zan ɗora maka ba. Amma ranar da na sa hannunta a naka, abu ɗaya tak na roƙe ka, kana dariya. Ban ce ka mai da ita likita ba, ido kawai na ce ka bar mini. Mayar da hannunka aljihu. In ka yi mini sallama zan amsa don wajibi ne, amma daga yau kada ka ƙara ce mini mutuminka, kada kuma ka ƙara ce mata 'yarka. Na ga inda 'ya'yanka suke zama."